Akwatin NVR ko manhaja a kwamfuta: wanne zai riƙe hoton kyamarorin shago?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi da sito a bayansa. An haɗa min kyamarorin tsaro guda 8: 5 na Hikvision, 2 na Dahua, duk masu kebul na sadarwa, sai wata 'yar ƙarama mai Wi-Fi da ɗana ya sayo. Wani ya ce in sayi akwatin NVR, wato na'urar ɗauka da ajiye hoton kyamarori, wani ya ce asarar kuɗi ce, gara in ɗora manhaja a tsohuwar kwamfutar ofis. Ina so hoto ya riƙa zama na wata guda, in kuma riƙa gani a wayata in na yi tafiya. Wace manhaja ce ta fi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Duk su biyun ba su yi maka ƙarya ba, sai dai akwai tambayar da ya kamata su fara yi maka: wa zai riƙa kula da abin bayan mai haɗawa ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa? Amsar wannan ita za ta yi maka zaɓi, ba sunan manhaja ba.

Shi akwatin NVR ɗin ma kwamfuta ce, 'yar ƙarama, da manhajarta a ciki. Kamfani ya kulle ta ne a kan aiki ɗaya: ta karɓi hoto daga kyamara ta zuba a faifai. In an ɗauke wuta ta mutu, in an kawo ta tashi da kanta ta ci gaba, ba ruwanta da kowa. Kwamfutar ofis kuwa hidimarta da yawa. Windows yakan sake kunna kansa cikin dare saboda sabuntawa, yaron shago zai iya hawa kanta ya kalli ƙwallo, wani ya zare filoginta ya sa cajin waya, kuma ba wanda zai lura ta daina ɗauka sai ranar da aka nemi hoto. Don haka in babu mai leƙa ta ko da sau ɗaya a mako, sayi akwati mai gurbin kyamara 16 ka huta, ko don ƙari nan gaba. In kuwa ɗan naka mai sha'awar wannan harka ne kuma yana gari, manhaja za ta yi maka abin da akwati mai araha ba zai yi ba, musamman saurin nemo abin da ya faru, da haɗa kyamarorin kamfanoni daban-daban a wuri guda.

Ko wanne ka zaɓa, sai kyamarorin sun yarda su ba shi hoto. Kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ne ya fito da kyamarar farko mai aiki ta layin sadarwa a 1996, kuma shekaru aka ɗauka kowane kamfani da nasa salon, har sai 2008 da Axis da Bosch da Sony suka kafa ƙa'idar ONVIF. Da ita manhaja take gano kyamara a kan layi, ta nemi hotonta, ta juya ta in mai juyawa ce. Shi hoton kansa ta hanyar RTSP yake tafiya, galibi ta ƙofa mai lamba 554. Adireshin hoton Hikvision yana ƙarewa da /Streaming/Channels/101, na Dahua kuma da /cam/realmonitor?channel=1&subtype=0. Ɗan naka ya rubuta waɗannan ya ajiye, zai buƙace su. Wani abin da ke ba masu haɗawa wahala: Hikvision na yanzu suna zuwa da ONVIF a kashe. Sai an shiga kyamarar ta burauza an kunna shi, an kuma buɗe masa suna da kalmar sirri na daban. Na sha ganin an yanke wa kyamara lafiyayya hukuncin ta lalace saboda wannan kaɗai. In akwatin Hikvision ka saya, Dahua biyun za su shiga ta ONVIF, za ka ga hoto kuma zai ɗauka, amma wayonsu na gane mutum ko ƙetare layi ba lallai ya biyo su ba.

Ita 'yar ƙaramar mai Wi-Fi kada ka sa rai da ita. Da yawa daga cikin irin waɗanda ake kallo ta manhajar waya kamar V380 ba sa sakin hoto sai ta sabar kamfaninsu. A gwada ta da manhajar kunna bidiyo ta VLC a kwamfuta. In ta ƙi ba da RTSP, a sa mata katin memori a bar ta ta yi zaman kanta, kuma kada ita ce mai gadin ƙofar sito.

To, manhajojin. iVMS-4200 na Hikvision da SmartPSS na Dahua kyauta ne, suna da kyau wajen kallo da ciro hoto daga na'urorin kamfanoninsu, amma ba zan jingina ɗaukar dare da rana ta haɗakar kyamarori a kansu ba. Wadda ta fi yaɗuwa ga masu Windows ita ce Blue Iris. A Windows kaɗai take aiki, tana ɗaukar kyamarori da yawa, ana sayen lasisinta da dala, sabuntawa bayan shekarar farko kuma da kuɗinta. Ta cika da saituna har takan ruɗa sabon shiga, amma uku ne suke raba mai jin daɗinta da mai zaginta: a sa ta rubuta hoto kai tsaye a faifai ba tare da ta sake sarrafa shi ba, a ba ta ƙaramin zubin hoto don kallo da neman motsi, a kuma saita ta ta tashi tare da kwamfuta ko ba wanda ya shiga. Bari in ɗan fayyace na biyun. Kowace kyamara cikin bakwai ɗin nan tana fitar da hoto iri biyu a lokaci guda, babba mai tsabta da ƙarami mara nauyi. Babban shi ake ajiyewa, ƙaramin shi ake bincika. Wanda ya sa kwamfuta ta riƙa buɗe manyan hotuna bakwai lokaci guda zai ji fankarta tana ihu, furosesa a cike, hoto yana tsalle.

Agent DVR, daga waɗanda suka yi iSpy, tana aiki a Windows da Linux da Mac, ta fi Blue Iris sauƙin farawa, kuma kyauta ce ga mai amfanin gida a cikin layin gida. Kallo daga nesa ta hanyarsu da amfanin kasuwanci suna da kuɗi, kai kuma shago gare ka. ZoneMinder tsohuwar hannu ce a Linux tun farkon shekarun 2000, kyauta, tana aiki, amma tana son mai haƙuri. Synology tana haɗa akwatunan ajiyarta da manhajar Surveillance Station da lasisin kyamara 2, sauran sai ka saya ɗaya-ɗaya. Milestone XProtect ta ƙasar Denmark, wadda Canon ya saye kamfaninta a 2014, da Genetec ta Kanada, na bankuna ne da filayen jirgi da manyan ma'aikatu. Ba naka ba ne, kada wani ya yi maka daɗin baki.

Wadda ni na fi karkata gare ta yanzu ita ce Frigate, in dai akwai mai iya Linux. Kyauta ce, kuma an gina ta ne a kan gane abin da ke cikin hoto: wannan mutum ne, wannan mota ce, wannan kare ne. A cikin kwamfutarka take wannan aikin, ba ta tura hotonka ko'ina, tana amfani da ɓangaren hoto na furosesar Intel ko da wata 'yar na'ura ta Google mai suna Coral. Aibinta shi ne yawancin saitinta rubuta shi ake yi a fayil, kuma tazara ɗaya in ta kauce a layi sai ta ƙi tashi. Ba ta mai son danna-danna ba ce.

Tsohuwar kwamfutar ma sai an duba shekarunta. Furosesar Intel tana da wani sashe mai suna Quick Sync tun 2011, shi ke buɗe bidiyo ba tare da ya gajiyar da sauran ba, amma sai daga ƙarni na 6 na furosesocin Intel ya iya H.265 sosai, wato sabon salon matse bidiyo. Microsoft kuma ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa daga ƙarni na 8 yake karɓa a hukumance. In taka ta gaza haka, ko dai a sa mata Linux, ko a nemi ƙaramar Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ta hannu mai ƙarni na 8. Kuma daga ranar da ta zama ta kyamara, ta daina zama ta ofis.

Yanzu lissafin wata guda, don a nan aka fi cutar masu shago. Nauyin hoto yana ga yawan abin da kyamara ke turowa kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da megabit. Kyamarar da aka saita a megabit 4 tana cin rabin megabait a daƙiƙa. Daƙiƙa 86,400 ne a kwana guda, wato gigabait 43 ke nan a kullum. In kyamara 8 ne, gigabait 346. A kwana 30 an haura terabait 10. Ka ga ke nan faifai mai terabait 1 da ake yawan haɗowa da akwati a kasuwa ba zai cika kwana 3 ba zai fara goge na baya. Duk mai haɗawar da ya ce maka wannan faifan zai kai wata, ɗayan biyu ya yi: ko ya matse hoton har fuska ta dagule, ko ya saita sai an yi motsi za a ɗauka.

Akwai hanyar ragewa ta halal. H.265 yana ba da hoto mai kama da na tsohon salo H.264 da kusan rabin nauyi. Shago ba ya buƙatar hoto 25 a daƙiƙa. 12 zuwa 15 sun isa, sai dai teburin kuɗi, inda hannu ke saurin wucewa, nan a bar shi da yawa. Amma rage yawan hotuna kaɗai ba ya rage cin faifai sai an sauke megabit ɗin ma, wannan mutane da yawa suna mantawa. In aka daidaita a megabit 2, wata guda zai ci terabait 5 da 'yan kai, faifai mai 6 zai ɗauka da ƙyar, mai 8 kuma da sarari. Akwai wani saiti mai alamar ƙari a gaba, H.265+, da ke ƙara matse hoto ta hanyar jinkirta cikakken hoton da sauran ke dogara a kai. A akwatin kamfani ɗaya yana aiki lafiya, amma yana rikita Blue Iris da Frigate. A kashe shi, a sa cikakken hoto ya riƙa zuwa duk daƙiƙa ɗaya ko biyu. Faifan kuma a sayi wanda aka yi don rubutun dare da rana, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba na laftof ba, ba kuma na waje mai igiyar USB ba. Kafin ka biya, a jona shi a duba da manhajar CrystalDiskInfo awa nawa ya taɓa yi yana aiki, don tsohon faifai mai sabuwar takarda ba baƙon abu ba ne a kasuwa. Araha ba ta ado.

Maganar ɗauka sai an yi motsi ita ce na fi so ka riƙe. Tsohuwar hanyar gane motsi ba ta san mutum ba, kwatanta hoto take yi da wanda ya gabace shi, in bambanci ya yi yawa ta ce an motsa. Da rana ba laifi. Da magariba ta yi fitilar dare ta kyamara ta kunnu, sai ƙwari su taru, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashi, zaren ya riƙa walƙiya fari fat yana rawa da iska. Tsaka ta bi ta kai, ƙurar hunturu ta taso, fitilar A Daidaita Sahu ta haska bango. Waya ta yi ta ƙara har mai shago ya gaji ya kira mai haɗawa, shi kuma ya rage wa kyamara ƙarfin ji don a zauna lafiya. Daga nan mutum mai baƙaƙen kaya da ya bi jikin bango a hankali ba zai tayar da ita ba. Irin bidiyon da ake samu washegari na san shi: yana farawa ƙofar sito ta riga ta buɗe, kwaɗo a ƙasa, sai ƙeyar mutum da kwali a kafaɗa yana fita daga hoto. Yadda ya zo, da wa ya zo, wa ya tsaya masa a bakin lungu, duk babu.

Saboda haka a ɗauka ba tsayawa, awa 24, motsi kuma ya zama alama kawai a kan layin lokaci don sauƙin nema. In faifai ya yi kaɗan, a ajiye ƙaramin zubi ba tsayawa, babban kuma lokacin motsi, tare da daƙiƙa 5 zuwa 10 na kafin motsin. A nan ne Frigate take cin kuɗinta, duk da ba a biya: maimakon ka zauna kana kallon dare guda cur, sai ka ce ta nuna maka duk mutumin da ya taka gaban sito daga sha biyun dare zuwa asuba, ta jero maka su.

Sai wuta, wadda a wajenmu ita ce uwar matsala. Kyamarorin kebul suna shan wuta ta kebul ɗin sadarwar, abin da ake kira PoE. Ƙa'idar farko tana ba da wat 15.4 a kowace ƙofa, kebul kuma kada ya wuce mita 100, ya zama na jan ƙarfe zalla, ba alminiyon da aka yi wa rufi ba. Kowace kyamara takan ci kamar wat 5 zuwa 8 da dare. In ka haɗa bakwai da suwic da rauta, ka ƙaddara wat 70. Tsohuwar doguwar kwamfuta za ta iya ƙara 60, ya zama 130, a awa 12 an haura awar-wat 1,500. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana da 2,400 a takarda, amma in mai ruwa ne rabi ake ja in ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Ba zai kai ka asuba ba, kuma ɓarawo ba da azahar yake zuwa ba. Akwatin NVR ko 'yar ƙaramar kwamfuta mai furosesa N100 da faifanta wajen wat 20 ne, jimla 90, wannan batir ɗin zai fitar da dare da ƙyar. Wannan lissafin kaɗai yakan kayar da shawarar tsohuwar kwamfuta. In duk da haka ita za a yi, a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi, a saita ta kunnu da kanta in wuta ta dawo, a kuma sa UPS ko da ƙarami ne don cike giɓin da ke tsakanin ɗaukewar Nepa da tashin janareta. Yankewar wuta farat ɗaya tana lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa, musamman dogon MP4 da ba a rufe ba. Shi ya sa Frigate ke yanka hoto guntu-guntu na daƙiƙa 10, Blue Iris kuma take da nata tsarin fayil mai suna BVR.

Kallo a waya. A da ana buɗe ƙofa a rauta a shigo daga waje. A layin data na MTN ko Airtel, har ma da Starlink na gida, wannan yawanci ba ya yiwuwa, don adireshi ɗaya ake raba wa mutane da yawa. Ni ban ga asara a nan ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta, ta kame kyamarori da akwatunan ɗauka masu ɗimbin yawa, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba aka far wa kamfanin Dyn a Amurka, mai kula da adireshin shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da dama. A 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a kyamarorin Hikvision da ke ba mai kutse damar karɓe su ba tare da kalmar sirri ba, kamfanin ya fitar da gyara, amma sai wanda ya sabunta ne ya tsira. To a canza kalmar sirrin kowace kyamara, a sabunta su, a hana su fita intanet da kansu. Na'urar ɗauka kaɗai za ta fita. Mai manhaja ya sa Tailscale ko WireGuard, masu buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urori, a kwamfutar da wayarka. Mai akwati zai yi amfani da manhajar waya Hik-Connect ta Hikvision ko DMSS ta Dahua, amma ka tsaya a kan abu ɗaya: da lambarka ko imel ɗinka za a yi wa akwatin rajista. Asusu ɗaya tak ke mallakarsa, kuma masu haɗawa da yawa sukan sa nasu, su ba mai shago aron gani. Ran da kuka ɓata, shi yana ganin cikin shagonka, kai kana waje. A waya kuma ka riƙa kallon ƙaramin zubi: mai rabin megabit yana cin megabait 225 a awa, babban mai megabit 4 kuwa gigabait 1.8.

Agogo ma a kula da shi. Kyamarori da yawa suna zuwa da lokacin Sin, wanda ya wuce na Najeriya da awa 7, wasu kuma in batirin cikinsu ya mutu sai su koma wata tsohuwar shekara duk sanda aka ɗauke wuta. A sa na'urar ɗauka ta riƙa karɓar lokaci daga intanet, kyamarori su karɓa daga gare ta. Wannan ba ƙawa ba ce. In magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da ta samar da hoton da tabbacin tana aiki daidai a lokacin, kuma lauyan wancan ɓangare ba zai bar bidiyon da ke nuna ƙarfe tara na safe alhali duhu ne ya wuce salin-alin ba. A ciro fayil na asali a filashi, kada a ɗauki allo da waya a tura ta WhatsApp, don yana matse hoto. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta shafi fuskokin mutane da kake tarawa: ka manna sanarwa cewa akwai kyamara, kada ta leƙa banɗaki ko inda yara ke canza kaya, ka kuma yi hattara da saka fuskar wanda kake zargi a Facebook.

Inda za a ajiye na'urar: ba a kan kanta ba, ba kuma ƙarƙashin talabijin ɗin da ke nuna hoton ba, don nan ɓarawo zai fara dubawa. A sama mata wuri mai kulle da iska ke shiga, nesa da buhunan gari, a riƙa kaɗe mata ƙura. Kyamarar ƙofar shago da ta sito, in suna da gurbin katin memori, a sa musu mai jure rubutu, don ko an ɗauke akwatin wani abu ya rage.

Ranar da aka gama haɗawa, kafin ka ba da cikon kuɗi, ka sa a kashe wutar shagon gaba ɗaya har da inbata, a jira minti biyu a mayar, kowa ya naɗe hannu a ga ko duk kyamarorin za su dawo su ci gaba da ɗauka. Washegari kuma kai da kanka, mai haɗawa yana gefe bai taɓa komai ba, ka nemo ƙarfe biyun daren jiya a kyamarar sito, ka kwafe minti biyar a filashi, ka kai wata kwamfutar ka buɗe. Ka sa yaro ya tsaya a bakin ƙofa da dare ka ga ko za ka gane shi a hoton. In ba ka gane wanda kake gani kullum ba, a sauko da kyamarar ƙasa ko a ƙara fitila a wajen.